Haɗin Gwiwar Cibiyoyin Fasaha: Idan Baƙo Ya Tafi, Me Ya Bari A Gida?



Abin da ya sa na ɗauki biro a yau shi ne wata tambaya da 'yata ta yi mini, wadda har yanzu ban iya ba ta amsar da ni kaina na gamsu da ita ba. Kwanakin baya wata cibiyar raya fasaha, wadda ba sai na kama suna ba, ta aiko mini da katin gayyata zuwa taron yini biyu kan rubuce-rubucen Hausa. A saman katin akwai tambari har guda biyar a jere: na cibiyar, da na wani sashe na jami'a, da na wata ma'aikatar gwamnati, da na wasu ƙungiyoyi biyu na ƙasashen waje. A ƙasa kuma aka rubuta cewa wannan taro haɗin gwiwa ne domin ciyar da adabinmu gaba. Na yi murna ƙwarai, na ɗauko littattafaina guda huɗu na sa a jaka, na tafi.

Tun daga bakin ƙofa na fara sanin matsayina. Yarinyar da ke rubuta sunaye ta dube ni ta ce, "Hajiya, daga wace jami'a?" Na ce mata, "Daga kasuwar Sabon Gari." Ta yi dariya, ni ma na yi, sannan ta nuna mini kujerun baya. An buɗe taro da jawabai, kusan dukkansu da Turanci. An gabatar da takardu a kan littattafanmu, an faɗi inda muka yi daidai da inda muka kauce, mu kuwa masu littattafan muna zaune muna tafi. Da aka tashi aka ba mu jaka da biro da shinkafa a roba da kuɗin mota, aka jera mu aka ɗauki hoto. Da na dawo gida 'yata, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ta ce, "Umma, to yanzu za a kawo littattafanku makarantarmu ke nan?" Na yi shiru. Yau ga shi watanni sun shuɗe, ban ji an kai ko da ƙwaya ɗaya wata makaranta ba, ban kuma ga takardun da aka karanta a ranar an buga su ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina ƙyamar haɗin gwiwa ne. Ko kusa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya taɓa buga littafi da kuɗin aljihunsa ya san zafin yin abu shi kaɗai. Abin da nake cewa shi ne, ya kamata mu sauya ma'aunin da muke auna irin wannan haɗin gwiwa da shi. A yanzu ana auna shi ne da yawan tambarin da ke jikin kati da girman ɗakin taro da manyan baƙin da suka halarta. Ni a ganina ma'aunin gaskiya shi ne a jira sai baƙo ya tattara kayansa ya tafi, sannan a duba a ga me ya rage a hannun 'yan gida. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, kuma ba a noma da raɓa.

Bari mu koma baya kaɗan, domin kuwa ƙagaggen labarin Hausa na boko shi kansa ɗan haɗin gwiwa ne. A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi ma, na John Tafida da shi East ɗin, a wannan zamani ya fito. Ban ce Turawan mulkin mallaka sun yi haka don ƙaunarmu ba. Suna da buƙatarsu, suna son a sami abin karantawa a makarantun da suka buɗe, kuma East ya sa hannu sosai a gyaran abin da aka rubuta. To amma dubi yadda aka tsara aikin. Hukuma ta nemo marubuta daga cikin malaman makaranta da ma'aikata, ta buga littattafan, makarantu kuma suka karɓa suka sa a hannun yara. Shi ya sa bayan sama da shekara 90 har yanzu idan ka ambaci Alhaji Imam ko Malam Zurƙe sai ka ga dattijo ya yi murmushi. Wa ya san irin abincin da aka ci ranar da aka ba da sakamakon gasar? Littafin shi ne ya rage.

Haka nan a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta yi ta buga littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, domin wanda ya koyi karatu a ajin manya ya sami abin da zai ci gaba da karantawa. Hukumar ta durƙushe a 1959, amma littattafan da ta bari kamfanin Gaskiya da kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, sun ci gaba da bugawa. Ita ma gasar da NNPC ta shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta haifar da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka fito a 1980. Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya kuma ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. A duk waɗannan, ƙarshen maganar littafi ne a hannun mai karatu.

Mu kuwa da ake kira marubutan adabin kasuwar Kano, babu wata hukuma da ta haife mu. Lokacin da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka fara kai rubutunsu wajen ƙananan maɗaba'u da kansu, su biya, su kai wa dillalai a kasuwa. Da haka su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka buɗe mana hanya. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya su ne cibiyoyinmu na farko, kuma ba su da tambarin kowa sai nasu. Matan aure da 'yan mata da yawa da suka bar makaranta da wuri, a cikin waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu bai zube ba. Ni kaina a sakandare karatuna ya tsaya, kuma na san yawan wasiƙun da na samu daga matan da suka ce da littafin haya suka ƙware a karatun Hausa. Saboda haka idan wata cibiya ta ce tana son yaɗa karatu a ƙasar Hausa, ai mu ne muka riga ta zuwa gonar. Kamata ya yi ta tambaye mu inda ƙasa ke da laushi.

Don kada a ce ban ga alherin kowa ba, bari in kawo misalin da ya burge ni. A wajen 2008 cibiyar Goethe, mai yaɗa harshe da al'adun ƙasar Jamus, ta buɗe ƙaramin ofishi a Kano, a unguwar Nassarawa, maƙwabtaka da Gidan Ɗan Hausa inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take. Gidan Ɗan Hausa dai shi ne mazaunin Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, don haka wurin ya daɗe da sanin cuɗanyar baƙo da ɗan gida. Ofishin ya yi taruka da nune-nunen finafinai da dama, waɗanda a yau ba kowa zai iya tuna su ba. Amma akwai abu ɗaya da ba a manta ba, shi ne fim ɗin Duniya Juyi Juyi da ya fito a 2011. Almajirai tara ne daga makarantun allo suka yi shi, tare da wata ɗalibar bincike mai suna Hannah Hoechner, da tallafin wannan ofishi, kuma ƙwararrun masu shirya finafinan Hausa suka koya musu aikin. Su yaran ne suka tsara labarin, suka riƙe kyamara, suka ba da umarni, suka fito a ciki. An saba a yi taro a kan almajiri a otal ba tare da an gayyaci almajiri ko ɗaya ba, sai ga shi a nan an miƙa masa kyamara an ce ya faɗi nasa da bakinsa.

Bayan hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, rashin tsaro ya sa ofishin ya rufe. Baƙo ya tafi ke nan. To me ya rage? Fim ɗin ya rage, ana iya kallonsa har gobe, kuma abin da yaran nan suka koya yana cikin kansu. Sauran tarukan kuwa sun bi iska. Ba laifin Jamusawa ba ne da suka tafi, kowa yana son ransa. Darasin dai shi ne baƙo kan tafi a ranar da ba ka zata ba, kuma bisa dalilin da ba ya hannunka. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan ta wata fuskar. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da ɓarakar da ta biyo baya tsakaninsu da Faransa, cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar ƙasashen biyu da ke Yamai, mai ɗauke da sunan Jean Rouch, ta tashi daga matsayinta na da, har a 2024 aka sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane. Siyasa ta juya, shekaru masu yawa na aiki tare sun yanke. Duk abin da aka gina a kan aljihun baƙo kaɗai, ranar da ya rufe aljihun ginin zai tsaya.

Wani misalin mai kyau na gida ne. A watan Agustan 2003 Cibiyar Nazarin Al'adun Hausa, wadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya jagoranta, ta shirya babban taro a Kano kan finafinan Hausa. An haɗa malaman jami'a da masu shirya fim da marubuta da malaman addini a ɗaki ɗaya, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, an yi musu, wani lokacin har da ɗaga murya. A shekarar da ta biyo baya, 2004, aka tattara takardun aka buga su a littafi guda, wanda har yanzu masu bincike ke komawa gare shi. Ga taro, ga 'yan sana'a a kan teburi, ga kuma littafi a ƙarshe. Ashe dai ana iyawa idan an so.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda na nesa suka fi mu sanin darajar abin da muke da shi. Farfesa Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan ya tara ɗaruruwan littattafanmu, har shi da Malami Buba da William Burgess suka fitar da kundin sunayen littattafan da aka buga tsakanin 1987 da 2002. Littafin Hajiya Balaraba, Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, wani kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012. Ni kuwa a nan, littafina na farko ba ni da kwafinsa ko ɗaya. Wanda na ajiye gara ta cinye, maɗaba'ar da ta buga shi ta rufe, dillalin da ya sayar da shi ya koma sayar da kayan waya. Na tabbata ba ni kaɗai ba ce a wannan hali. Yanzu da kasuwar littafin takarda ta ja baya, yawancin matasanmu sun koma sakin labari ta WhatsApp da Wattpad, abin ya ƙara zama mai saurin ɓacewa. Manhajar OkadaBooks da wasunmu suka dogara da ita wajen sayar da littafi ta rufe a ƙarshen 2023. Idan cibiyoyin fasaha da jami'o'i da ɗakunan karatu suna neman aikin da za su haɗa gwiwa a kai, ga shi nan a gabansu yana jira.

Sai batun makarantu, wanda shi ne asalin tambayar 'yata. Dangantakarmu da makarantu tana da tabo. Ba mu manta ba a 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2008 kuma Hukumar Tace Finafinai ta jiha ta ce sai marubuta sun yi rajista, aka yi ta kai ruwa rana da ƙungiyoyinmu. Ba zan ce duk abin da muka rubuta ya dace da yarinya 'yar shekara 14 ba. Akwai shara a cikinmu, kuma ta ƙaru tun da waya ta ba kowa damar sakin abin da ya ga dama ba tare da sunansa na gaskiya ba. Amma maganin shara shi ne tsintsiya. A nan ne cibiyar fasaha za ta yi amfani, domin ita ce za ta iya zaunar da malamin Hausa na sakandare da marubuci da malamin jami'a da wakilin iyaye, su karanta, su zaɓi littattafai 20 ko 30 masu ma'ana, a gyara musu ƙa'idar rubutu, a sake buga su, a kai makarantu. Yaron da ya ga marubuci mai rai ya shigo ajinsu ya karanta shafi biyu daga littafinsa da harshen da ake yi a gidansu, ba zai sake ɗaukar cewa marubuta duk sun mutu tun zamanin Sardauna ba.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu marubuta muna da namu laifin, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawanmu abin da ke kai mu taro shi ne ambulan ɗin da za a raba a ƙarshe. Idan aka ce a turo wakilai biyar, sai rigima ta tashi a ƙungiya kan wa zai je, ba kan me za a je a faɗa ba. Mun rarrabu gida-gida, kowa da 'yar ƙungiyarsa da shugabancinsa, ta yadda ko cibiya ta zo da kyakkyawar niyya ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Sannan ba mu son gyara. Ka ce wa marubuci ya raba "da" da kalmar da ke gabanta, ko ya sa lanƙwasa a inda ta dace, sai ya ce hassada kake yi masa. Wanda bai ɗauki sana'arsa da daraja ba, bai kamata ya yi mamaki ba idan an ajiye shi a kujerar baya.

Akwai kuma masu cewa a guji duk wani haɗin gwiwa da ƙungiyoyin waje, wai duk wanda ya ba ka kuɗi da manufarsa ya zo. Gaskiya ne kowa da manufarsa, har da East na 1933. Amma gudu ba zai hana su zuwa ba, sai dai su sami wanda ya fi mu kwaɗayi su yi da shi. Abin da ya fi shi ne mu zauna da su ido da ido tun kafin a rubuta tsarin aiki, mu san me suke so, su san abin da addininmu da al'adarmu ba za su ɗauka ba, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana cikin ɗakin lokacin da ake maganar gyara.

Saboda haka ga roƙona ga duk cibiyar da ke shirin sa tambarinta kusa da na wasu da sunan adabin Hausa. Na farko, a sa marubuta da malaman makaranta a cikin kwamitin tsarawa tun ranar farko, kada a tuna da mu sai ana neman masu cika kujeru. Na biyu, taron da aka shirya kan rubutun Hausa a yi shi da Hausa, wanda ba ya ji a yi masa tafinta, kamar yadda ake yi mana idan mun je nasu. Na uku, kafin a kama ɗakin taro a ware kuɗin abin da zai rage, ko littafi ne, ko karatun da aka naɗa a murya, ko kwafin tsofaffin littattafai da aka adana a kwamfuta. Dubi gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata: abin da ya ɗaga ta shi ne ana karanta labaran a rediyo, su shiga har ɗakin matar da ba ta taɓa taka ƙofar otal ba. Na huɗu, a ba wata hukuma ta gida amanar ajiyar abin da aka samar, kamar Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad ko Jami'ar Bayero ko Hukumar Tarihi da Al'adu, domin ko baƙo ya tafi a san inda za a je a nema. Na biyar, a fayyace haƙƙin mallaka a rubuce, marubuci ya san ko an sayi labarinsa ne ko aro aka yi.

Mu kuma 'yan'uwana, idan kati ya sake zuwa, kafin mu tambayi nawa ne kuɗin mota, mu tambayi mai gayyatar me za a bari bayan an tashi, kuma a hannun wa. Idan ya rasa amsa, to mun san irin taron da za mu je. Ni dai na yi wa 'yata alƙawarin cewa kafin ta gama makaranta zan ɗauki littattafan nan huɗu da na dawo da su daga taro ba wanda ya buɗe, in kai wa malaminsu na Hausa, ya karanta, in ya ga sun dace ya sa su a ɗakin karatunsu, in kuma ya ga gyara ya faɗa mini.

Allah Ya sa mu dace, Ya kuma yi wa alƙalumanmu albarka.